Hannun da Aka Hana Girki

Na gode wa Allah da Ya tashi kafaɗar mijina Haruna, bayan mun kai matakin da ni kaina na fara tunanin yadda zan yi takaba a garin da ba nawa ba. Na zauna rubuta wannan ne saboda matan unguwarmu, Waziriyya, da na sauran unguwannin Jidda da labarin ya iso musu a karkace. Kun ji an ce Rakiya ta sa wa mijinta guba. To, guba kam an sha, likita ma ta tabbatar. Sai dai ku biyo ni a hankali ku ji hanyar da ta bi.

Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni. Haruna kuwa a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo aikin Hajji bai koma ba. Direba ne a wani kamfanin kayan ɗaki. Da aka rushe unguwar Karantina, mahaifiyarsa Hajja ta dawo wurinmu da zama, ita da akwatunanta da ba mai buɗewa sai ita. Ba zan yi mata sharri ba, ba mu taɓa yin sa-in-sa ba. Matsalata yayarsa ce, Yaya Suwaiba, wadda ke aure a unguwar Aziziyya amma kullum ƙafarta ɗaya tana gidanmu. Tun ranar da aka kawo ni take ce mini "'yar Najeriya", sai ka ce ita kakanta daga sama ya faɗo.

Sai kuma Khala Dije. Bahaushiyar Sudan ce, dattijuwa, tana zaune a ɗaki ɗaya a bayan layinmu. Tana haɗa turaren wuta da humra da dilka da kwalli, da jiƙe-jiƙen masu jego. Ɗakinta cike yake da kwalabe marasa suna, ita kaɗai ta san abin da ke ciki. Maza biyu ta binne, kuma shekarun baya wata mai sayen turarenta mijinta ya faɗi ya mutu farat ɗaya. Shi ke nan aka ƙulla mata magana: wai duk macen da ta gaji da mijinta, ɗakin Dije take nufa. Abin dariya, masu faɗin hakan su ne ke aikawa a sayo musu humra a ɓoye idan biki ya tashi. Ni kuwa da ƙafata nake zuwa, rana tsaka, don a ɗakinta kaɗai nake samun hirar Hausa zalla, ba a raba mini ita biyu da Larabci.

Ciwon ya samo asali ne daga hatsari. Wata babbar mota ta gogi motar Haruna a hanyar tashar jiragen ruwa. Ko ƙwarzane bai yi ba, amma ya dawo gida jikinsa na ɓari, barcin kirki ya gagare shi. Hajja ta ce firgita ce, ta buɗe akwati ta ɗauko tasarta. Tasa ce ta tagulla da aka zana ayoyi a cikinta har gindi, wurin uwarta ta gaje ta. Tsofaffin nan sun san irinta: a zuba ruwa ya kwana a ciki, wanda ya firgita ya sha da safe. Hajja ke wanke ta, ita ke naɗe ta cikin farin ƙyalle, ni ko leƙa cikinta ban taɓa yi ba. Kowace safiya ta miƙa masa, ya yi bisimilla ya shanye. Rawar jikin ta tafi, muka yi hamdala, ita kuma ta ce a ci gaba har ya ƙara ƙarfi.

Bayan 'yan makonni sai ciki ya ce ga ni. Haruna ya ce bakinsa na masa wani ɗanɗano kamar ya tsotsi makulli. Abinci ya fita ransa, bayan gida ya ɗaure. Hajja ta fara jiƙa tsamiya a cikin tasar don cikin ya saki, wata rana ta matsa lemun tsami, ta ɗan ɗumama. Muka je ƙaramin asibitin unguwa, muka yi zaman layi tun hantsi har aka kira la'asar. Likitan ya danna cikin sau ɗaya, idonsa na kan agogo, ya ce gyambon ciki ne, ya hana shi yaji da shayi. Magungunan da ya rubuta ba su tsinana komai ba. Haruna mutum ne mai sanyi, amma a makon nan ya daka wa 'yarmu Amira tsawa har ta yi fitsari a wando, don kawai cokali ya faɗi daga hannunta.

A nan ne na yi abin da aka rataye ni da shi. Na je na gaya wa Khala Dije halin da muke ciki. Ta ƙulla mini filasko da hulba, ta ce, "Dafa masa, 'yata. In bai saki ba ki mai da shi asibiti, ni ba likita ba ce." Na dafa, na ba shi da hannuna. Washegari ciki ya murɗa masa har yana birgima a tsakar ɗaki yana kiran sunan Allah. Yaya Suwaiba ta zo, ta wuce kicin kamar an aike ta, ta fito da ƙullin a hannu.

"Wannan daga ina?"

"Wurin Khala Dije. Filasko ne da hulba, Yaya."

"Dije! Ya Allah! Ummi, ta'ali, zo ki gani! Kayan Dije a cikin ɗanki. Khalas, shi ke nan, mun gano bakin zaren."

Hajja ba ta zage ni ba. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ta yi, ta ce, "Ki huta, Rakiya. Ni zan riƙa yi masa girki." Daga ranar aka raba ni da tukunya a gidana. Kofin da na taɓa sai an sake wanke shi. Ruwan shansa a ɗakin Hajja ake ajiyewa. Wata safiya na faki ido na haɗa masa kunu yadda yake so, na kai masa. Ya kalli kofin, ya kalli uwarsa, ya ce ya ƙoshi. Na koma ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Shekara da shekaru ina ciyar da mutumin nan, yau hannuna ya zama abin tsoro.

Tasar kuwa ta samu ƙarin aiki. Hajja ta ce tunda sammu ne, ayoyin cikinta su ne makari. Jiƙon tsamiyar da yake sha da safe kawai ya koma safe da rana da yamma.

Shawara kuwa ba irin wadda ba mu sha ba. Wani kawunsa ya kawo mai ƙaho. Wata ta zo da nonon raƙumi a jarka. Wata ta turo saƙon murya daga Makka cewa a tono bakin ƙofar ɗakina, ba ta ma san a bene muke ba. Na gode wa maƙwabciyarmu Maman Fahad, wadda ta riƙe mini Amira duk ranar asibiti ba ta taɓa ɓata fuska ba, ko da yake ita ma na lura ta daina karɓar abinci daga gidana. Inshorar kamfani ta ɗauki wani abu ta bar mana wani. Hoton ciki da gwaje-gwajen da aka yi ta maimaitawa sai da suka cinye 'yan kunne da awarwaron da na zo da su daga gida.

Kada ku ɗauka ni kaɗai ake zargi, ni ma zargin nake yi. Na zargi Yaya Suwaiba, na ce ko ita ke saka wani abu don ta raba ni da ƙaninta. Na zargi abokan aikinsa. Daga ƙarshe na zargi Khala Dije. Na ce a raina, matar da ta binne maza biyu, me na sani game da kwalabenta? Na same ta tana dakan sandal, na tsaya a bakin ƙofa ko zama ban yi ba.

"Khala, don girman Allah, me kika sa a ƙullin nan?"

Ta ajiye taɓarya. Sannan ta buɗe kwalbar da ta ɗibar mini, ta zuba ninkin abin da ta ba ni a tukunya, ta tafasa, ta shanye a gabana da zafinsa.

"Zauna," in ji ta. "Zauna ki jira in mutu, sai ki kai musu labari."

Na zauna, kunya kamar in nutse. Abin da ya same ta bai wuce zarya zuwa banɗaki ba, tana fita tana dawowa tana harara ta.

Mako na gaba hannun Haruna na dama ya saki daga wuyan hannu. Ya ɗaga kofi, kofin ya suɓuce. Ya rame, fuskarsa ta yi fari fat. A ranar aka kwantar da shi a babban asibiti, aka sa masa ƙarin ruwa, aka hana shigo masa da komai daga waje. Kafin mako ya zagayo murɗawar ta lafa, har yana neman abinci. Na yi murna, ashe murnar ma hujja ce a kaina. Yaya Suwaiba ta dubi matan da suka zo dubiya ta ce, "Kun gani? Daga an raba shi da gidan da take ciki."

Allah Ya saka wa likitar da ta karɓe shi da alheri. Mace ce mai yawan tambaya. Ita ce ta ɗaga leɓensa ta haska dasashinsa, ta nuna mana wani siririn layi mai launin toka a gindin haƙoransa. Ta sa aka ɗebi jini aka aika wani wuri. Ranar da sakamako ya dawo, kalma biyu ta faɗa da har gobe suna kunnena: "Tasammum. Rasas." Wato guba ce, gubar dalma. Ta ce a hankali take taruwa, wani abu ne yake ci ko yake sha kullum. Ta ce a kawo mata duk abin da ake amfani da shi a gidan.

Yaya Suwaiba ba ta jira an maimaita ba. Ta shiga ɗakina da buhu ta kwashe duk abin da ya fito daga hannun Khala Dije, har dilkar da nake shafawa a ƙafa. Tasar Hajja kuwa ba wanda ya ambata, ni ma ba ta faɗo mini a rai ba. Wa zai kai ayoyin Allah ɗakin gwaji?

Aka gwada. Filasko lafiya, hulba lafiya, turare lafiya. Kwallin ne kaɗai aka samu da dalma. Likita ta ce in daina sa shi, kuma kada a sa wa yaro, amma ta ce kwallin da ke idona ba zai kai mijina wannan halin ba, tunda ni mai sawa an gwada jinina da na Amira, ba abin tashin hankali. Yaya Suwaiba rabin farko kawai ta ɗauka. Kafin magariba duk Waziriyya ta ji cewa Rakiya na barbaɗa wa mijinta kwallin Dije a miya. Ta kuma rantse sai ta kai ƙarar tsohuwar wurin hukuma, alhali ta san iƙamarta, wato takardar zamanta, ta daɗe da mutuwa. Mata suka ɗauke ƙafa daga ɗakin. Mai gidan da take haya ya aiko mata cewa ba ya son fitina.

Da aka sassauta dokar abinci, Hajja ta fara zuwa da fulas a ƙarƙashin abayarta. Jiƙon tasar ne. Ni kuma na lura da abu biyu. Tun ranar da likita ta ce "rasas", Haruna ya daina haɗa ido da ni. Sannan duk lokacin da uwarsa ta tsiyaya masa, sai ya ce, "Ajiye, ya Ummi, zan sha anjima." Wata rana bayan an tashi ziyarar la'asar na dawo ɗaukar jakata da na manta. Na same shi a tsaye a bakin famfo, ya tallafe kofin da hannun hagu, yana tuttular da jiƙon.

"Abu Amira, me ya sa kake zubarwa?"

Ya ajiye kofin. Sannan ya zauna a bakin gado ya ba ni labari, kansa a sunkuye. Ranar da suka kwaso kayan Hajja daga Karantina, firiji ya danne akwatin a cikin mota, tasar ta tsage daga gindi. Ya ji tsoron ta gani, ga baƙin cikin gidanta da aka rushe. Ya ɗauke ta a ɓoye ya kai wa wani mai gyaran lagireton mota, ya tsaya a kansa har ya narka dalma ya liƙe tsagar ta ciki, ya goge. Idon Hajja ya yi rauni, ba ta taɓa lura ba.

Na ce, "Tun yaushe ka gane?"

"Tun ranar da daktora ta faɗa."

"Kana kwance kana ji ana cewa na barbaɗa maka kwalli a miya?"

"Rakiya, Ummi na da hawan jini. In ta ji da hannunta ta yi ta ba ni, wallahi ba za ta kai labari ba. Ki rufa mini asiri. Ni na san ba ke ba ce. Bai isa ba?"

Duk abin da Yaya Suwaiba ta faɗa a kaina bai yi mini ciwon wannan maganar ba. Ita ba ta sani ba take faɗa. Shi ya sani ya yi shiru.

Washegari da Hajja ta shiga wanka na ɗauko tasar daga ɗakinta. Karo na farko ke nan da na ga cikinta. A gindi, a kan rubutun, ga liƙin nan mai launin toka, duk ya zaizaye ya yi rami-rami. Na kai wa likita, ta sa aka gwada, ta dawo tana girgiza kai. Ta ce da ruwa ne zalla da abin bai yi saurin kai haka ba, tsamin tsamiya da lemo da ɗumamawar su suka riƙa narkar da dalmar yana sha. Aka ci gaba da ba shi maganin da ke fitar da ita ta fitsari. Haruna ya ce wa Hajja shi ya sa aka kawo masa tasar, yana son ta kwana kusa da kansa. Ta ji daɗi har ta sa masa albarka.

Na yi shiru kamar yadda ya roƙa. Amma na ga ya kamata ko Khala Dije ta san gaskiya. Na tarar da ita tana jera kwalabenta a kwali, ɗakin ya yi fayau. Na gaya mata komai, na roƙe ta ta bar shi a cikinta saboda Hajja. Ta saurare ni har na gama, ba ta daina naɗe kwalba a tsumma ba.

"To, 'yata," in ji ta. "Ke kin yafe sunanki saboda mijinki, wannan tsakaninku ne. Nawa fa? Wa ya ba ki shi da za ki haɗa da naki ki yi kyauta?"

Daga nan asibiti na wuce, na ce wa Haruna ko ya faɗa ko in faɗa.

Ranar da aka sallamo shi, bayan 'yan barka sun watse, ya kira Hajja da Yaya Suwaiba. Na ajiye tasar a gabansu. Ya yi bayani da Larabci, ni kuma idona na kan tsohuwar, na riga na ajiye maganin hawan jininta a kusa. Ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki tasar ta zura babban yatsa tana shafa gindin har ta ji liƙin. Ta daɗe tana shafawa. Yaya Suwaiba ta buɗe baki ta ce, "Amma ai kwallin ma..." Hajja ta ɗaga mata hannu, ta yi tsit.

Sai Hajja ta ce, "Rakiya, miƙo mini abayata. Kai ni wurin matar nan."

Muka bi layi a ƙafa, tana dafe da kafaɗata, mata na leƙe ta taga. Ba ta yarda ta shiga ɗakin ba. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗaga murya yadda duk bene zai ji, ta ce, "Dije, ni na shayar da ɗana guba, ba ke ba, ba matarsa ba. Ki yafe mini." Khala Dije ta ce ta yafe. Ta fasa tashi daga ɗakin hayar, amma har yau cinikinta bai koma yadda yake ba, kuma ta daina sayar da kwalli. Yaya Suwaiba kuwa, in aka tayar da zancen, cewa take, "Allahu a'alam."

Abin da nake so ku ɗauka ke nan: duk kwano ko tasa ko butar da aka taɓa yi wa liƙi, komai tsufanta, komai abin da aka rubuta a jikinta, kada a jiƙa abin sha a ciki. In likita ya ce a kawo komai, a kai komai, har abin da ake jin nauyin kaiwa.

Haruna ya koma aiki, hannun ya dawo sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na yafe masa, ko da yake wani lokacin in na miƙa masa abinci nakan tsaya in ga inda idonsa zai fara zuwa. Ni da aka hana ni girki na koma kicin ɗina. Hajja kuwa ba wanda ya hana ta, amma tun ranar ba ta sake taɓa tukunya ba, ko ruwa ba ta miƙa wa ɗanta. Wannan ya fi damuna yanzu fiye da maganar mutane.

Jiya da safe na gwada wata dabara. Na haɗa shayinsa, na sa mata kofin a hannu, na ce, "Hajja, taimaka ki ba shi, hannuna da kumfa." Ta riƙe kofin. Haruna ya miƙo nasa hannun yana murmushi. Ta kai kofin bakinta ta kurɓa, ta jira, ta sake kurɓa. Sannan ta juyo ta mayar mini da shi.

"Ke ba shi, 'yata," in ji ta. "Naki hannun an gwada shi."